Idan ɓarayi suka tsallaka iyaka da shanu, wa ke da ikon bin sawu?

Ɗan Gabi:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin tsaro da na shari'a. A ƙauyukan Gabi da Safo da yankin Gidan Runji ana kore garke cikin dare, kafin asuba an shige da shi ƙasar Jibiya ko Zurmi ko Sabon Birni. Jandarma su zo su bi sawu har bakin iyaka, sai su tsaya. Mutanen gari na ganin kamar tsoro ne ko ganganci. To na ji an ce a 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo nan Maradi sun sa hannu a takardar tsaro tare da gwamnanmu. Me takardar nan ta ba jami'an tsaro ikon yi? Jandarman Madarunfa zai iya shiga Najeriya ya kamo mutum? In kuma ƴan sandan Jibiya ne suka kama ɓarawon, ta wace hanya zai zo gaban alƙalin Maradi? Sannan maigari da mai dabbobi, me ya kamata su fara yi?

Mai Nazarin Doka:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba tsoro ke tsayar da su ba, doka ce. Ikon kama mutum yana ƙarewa inda ƙasar da ta ba da shi ta ƙare. Jandarman da ya taka ƙasar Najeriya da bindiga ba da izini ba, a idon dokar can baƙo ne mai ɗauke da makami, kamun da ya yi kuma sunansa sace mutum. Haka yake ga ɗan sandan Jibiya in ya shigo Ɗan Isa.

Abu uku ne ake cakuɗawa a maganar nan, kowanne da ƙofarsa. Akwai bin sawu, wato a tsallaka a bi mai laifi tun bai ɓace ba. Akwai miƙa wanda aka kama daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai kuma taimakon bincike: a ji ta bakin shaida, a binciki gida, a nemo bayanan layin salula.

A cikin Nijar abin da sauƙi, don jandarma da ƴan sanda da gardi duk na ƙasa ne, babu na jiha. Jandarma na ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ƴan sanda da gardi na ƙarƙashin ta cikin gida. Jami'in da doka ta ba ikon binciken laifi, wanda ake ce wa OPJ, yana da yankin aikinsa, amma in laifin da ɗuminsa yake zai iya bin sa zuwa yankin kotun da ke maƙwabtaka, ya sanar da mai shigar da ƙara na wurin, ya rubuta haka cikin PV ɗinsa, wato takardar rahoton aikin da jami'i ke rubutawa a hukumance. Saboda haka ɓarawon da ya gudu daga Dakoro zuwa ƙasar Tawa, ko daga Gazawa zuwa Damagaram, ba a neman wata yarjejeniya a kansa.

A Najeriya ma rundunar ƴan sanda ɗaya ce, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ne ya kafa ta. Amma kowace jiha da kwamishinanta, kuma ɗan sandan Katsina da ya je aiki Zamfara sai ya fara bayyana kansa a caji ofis ɗin yankin. Takardar kamun da alƙalin Katsina ya bayar, sai alƙalin Zamfara ya sa mata hannu kafin a zartar da ita a can. Ga wani abin da mutane ba su lura da shi ba: a rabon shiyyoyin ƴan sanda, Katsina na shiyya ta 14 tare da Kaduna, Zamfara na shiyya ta 10 tare da Sakkwato da Kabi. Ke nan Jibiya da Zurmi, da suke kafaɗa da kafaɗa, manyansu na shiyya daban ne. Rundunar tsaron al'umma da Katsina ta kafa a Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara na Janairun 2024 kuwa dokar jiha ce ta haife su, ikonsu bai wuce jihar ba, balle ya tsallako nan.

Yanzu takardar da ka tambaya. A Satumban 2019 ne Aminu Bello Masari da Aminu Waziri Tambuwal da Bello Matawalle suka zauna a Maradi da gwamna Zakari Umaru, suka sa hannu a takardar fahimtar juna kan haɗa kai a yaƙi ɓarayin daji. Tana da amfani, don ta sa manyan jami'an ɓangarorin biyu sun san juna, suna kiran juna ba tare da an zarge su ba. Sai dai gwamna ba ya ba da abin da ba shi da shi. Gwamnan Maradi naɗaɗɗe ne, wakilin Yamai. Gwamnan Katsina zaɓaɓɓe ne, amma kwamishinan ƴan sandan jiharsa ga sufeto janar yake amsawa, kuma ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa aikin gwamnatin tarayya ne. Babu ɗaya cikin huɗun da zai iya cewa jami'in wata ƙasa ya shigo da bindiga ya yi kamu.

Takardun da ke da ƙarfin doka a manyan birane aka yi su. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi ta taimakon juna a shari'ar laifuka a Dakar a 1992, ta miƙa mai laifi a Abuja a 1994, sai ta haɗin kan ƴan sandan bincike a Akara a Disamban 2003. Wannan ta ƙarshe ita ce ta kawo miƙawa daga hannun ƴan sanda zuwa hannun ƴan sanda, ba sai an bi doguwar hanyar kotu ba. To Nijar ta fice daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025. Mai rubuta buƙata yau gara kada ya jingina da waɗannan kaɗai. Ya bi ta ofishin Interpol na Yamai zuwa na Abuja, in kuma buƙatar ta alƙalin bincike ce ta bi ta ma'aikatar shari'a da ta harkokin waje. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai, ba ta CEDEAO ba ce, ta ƙasashen biyu ce.

Tsohon Birgadiye:

Malam ya yi bayanin doka daidai. Bari in taɓo na ƙasa, inda ake asarar garke tun ba a kai ga takarda ba.

Garken shanu ba ya gudu kamar moto. In ana korarsa da ƙarfi zai ci kilomita 4 zuwa 5 a awa, kuma dole a shayar da shi. Ƙauyen da ke kilomita 10 daga iyaka yana da kamar awa 2 kafin dabbobin su tsallaka. Mafi yawan wannan lokaci a kururuwa da tara samari yake tafiya. Kira na farko ya tafi birgad ɗin jandarma ko sansanin soja mafi kusa, na biyu ga hakimi ko magajin gari, kuma mutum ɗaya ya riƙa magana, kada biyar su kira kowa da nasa labarin.

Abin da kumandan birgad ke bukata a kiran nan bai da yawa, amma sai ya zama daidai. Ƙarfe nawa aka kore su. Shanu nawa, raƙuma nawa, bisashe nawa. Wace hanya suka bi, da sunan fadama ko rijiya ko ƙauyen da ke gaba, don "sun yi kudu" ba ya kai mota ko'ina. Moto nawa, mutum nawa a kan kowace, an ji harbi ko ba a ji ba. An tafi da mutum ko dabbobi kaɗai, don in akwai mutum a hannunsu yadda ake tunkarar abin daban ne. Sai shaidar dabbobin: zanen wuta a cinya ko wuya, tsagar kunne, launi, yanayin ƙaho. "Farar saniya" ba shaida ba ce, rabin kasuwa farare ne.

Da wannan ne kumandan zai sanar da manyansa a Maradi, ya kuma kira DPO, wato shugaban caji ofis, na ɗaya gefen in suna da wannan fahimtar. Abin da ake nema a wurinsu tare gaba ne: mu mu biyo baya har iyaka, su su tsaya a mashaya da mashigin daji. Wannan ba ya bukatar kowa ya taka ƙasar wani, kuma shi ya fi kawo dabbobi gida. In garken ya riga ya shiga dajin da ya haɗe Baban Rafi da dazukan Katsina da Zamfara, aikin ya fi ƙarfin birgad da caji ofis, ya koma na soja.

Inda abin ke lalacewa kuwa na san wurare huɗu. Na farko, rediyon ɓangarorin biyu ba sa jin juna, komai a salula yake, kuma a bakin iyaka layi kan yi tsalle tsakanin na nan da na can ko ya ɗauke gaba ɗaya. Lokacin da Najeriya ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a Satumban 2021, jami'an can ma sun rasa hanyar kiran da aka saba. Na biyu, cikin dare ayari biyu masu bindiga da ba su san da juna ba za su iya buɗe wa juna wuta, musamman da yake ɓarayin ma na sa kaki. Kafin kowa ya motsa sai an faɗi mota nawa, wace iri, daga ina za ta ɓullo, da wace alamar fitila. Na uku, ƴan banga da samarin gari da ke tsallakawa da bindigar gargajiya. Su ne ake kamawa a can a ce ɓarayi ne, sai aikin ya koma na ƙwato su. Na huɗu shi ya fi ci mini rai: duk zumuncin a kan lambar mutum biyu yake. A sauya wa DPO wurin aiki ko a ɗauke kumandan, sai a koma farko. Lambar ta zama ta ofis, a rubuta ta cikin takardar miƙa aiki, a riƙa gwada ta duk mako ko ba abin da ya faru.

Miƙa mutum a bakin iyaka, tsakanin Ɗan Isa da Magama, da rana ake yi, da izinin manya a rubuce daga kowane gefe. A rubuta PV kwafi biyu: cikakken sunansa da na mahaifinsa, garinsu, rana da awar da aka kama shi, inda aka kama shi, wanda ya kama shi, halin da jikinsa yake ciki. A ɗau hotonsa a wurin. Kayan da aka same shi da su a lissafa ɗaya bayan ɗaya, bindiga da lambarta da yawan harsashi, moto da lambar shasi da ta inji, salula da layukan da ke ciki, kuɗi sefa daban naira daban. Mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu da sunansu da muƙaminsu. Awar kamu tana da muhimmanci don agogon tsarewa na tafiya. A nan awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya da izinin mai shigar da ƙara. A Najeriya tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Takardar can da Turanci take zuwa, tamu da Faransanci, jami'an kuma da Hausa suka yi maganar. Ba a fassara ta a hukumance ba, alƙalin bincike ba zai iya dogara da ita ba.

Malama Mai Bincike:

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara yadda wasu suka rubuta tasu, don a ga abin da takardunmu ke tsallakewa.

A Amurka matsalar ta fi tamu yawa, don hukumomin ƴan sanda kusan 18,000 ne, na gari daban, na gunduma daban, na jiha daban. Jihohinsu suna da yarjejeniyar taimakon gaggawa da ake kira EMAC, majalisar ƙasar ta amince da ita a 1996, duk jihohi 50 na ciki. Sai gwamnan jihar da abin ya shafa ya ayyana dokar ta-ɓaci ya nemi taimako kafin kowa ya taso. Waɗanda aka turo suna nan ƙarƙashin manyansu, amma jihar da ta kira su ce ke faɗin aikin da za a yi da inda za a yi shi. Ita ke biyan kuɗin da aka kashe. In jami'in ya yi ɓarna a bakin aiki ana ɗaukarsa ma'aikacin jihar da ta kira shi, in shi ya ji rauni ko ya mutu jiharsa ce ke biyan diyya. Kuma ku lura da wannan: ikon kamu ba ya biyo shi, sai jihar da ta karɓe shi ta ba shi a fili. Ƙasa ɗaya ke nan, harshe ɗaya.

Turai ta fi kama da mu, tunda ƙasashe ne daban. Sashe na 41 na yarjejeniyar Shengen ta 1990 ya yarda a tsallaka iyaka ana bin wanda aka gani yana aikata babban laifi ko ya tsere daga tsare, amma da sharuɗɗa masu tsauri. A sanar da hukumar ƙasar kafin a tsallaka ko a daidai lokacin. Da ta ce a tsaya, a tsaya. Jami'in ya kasance da kaki ko alamar da za a gane shi. Bindigarsa ta kare kai ce kawai. Ba ya shiga gidan kowa. In an gama ya je gaban hukumar wurin ya ba da bayani. Kowace ƙasa ita ke faɗin nisan da ta yarda a shigo mata, da ko baƙon jami'i zai iya riƙe mutum kafin nata su iso. A nan Sahel ma an taɓa rubuta irin wannan: rundunar G5 Sahel, ta haɗin gwiwar ƙasashen Sahel biyar, ta fara da izinin bin sawu har kilomita 50 a kowane gefen iyaka, sai dai ta soja ce, Najeriya ba ta ciki, Nijar kuma ta bar ta a Disamban 2023.

A ganina duk takardar da ba ta faɗi wa ke neman taimako, wa ke ba da umarni a fili, wa ke kamu, wa ke zuba mai a mota, da kotun da za ta tuhumi jami'in da ya yi harbi ba, taron shan shayi ce aka sa wa hatimi. Maganar mai kada a raina ta. Motar sintiri da ta je ta dawo kilomita 100 a yashi tana shan lita 20 ko fiye, kuma sau da yawa rashin wanda zai biya wannan ne ke hana fita.

Ɗan Gabi:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya. In mai shanu ya ga dabbarsa da idonsa a kasuwar can, ya kama igiya ko ya yi yaya?

Sakataren Makiyaya:

Kada ya taɓa igiyar, ɗan'uwa. Wanda ke riƙe da ita galibi hannu na uku ne ko na huɗu, ya saya da kuɗinsa, kuma kasuwar tasu ce. Ya ɗau hoto daga nesa, ya je wurin sarkin kasuwar dabbobin da shugaban dillalai, su ne za su tsayar da ciniki su kira ƴan sanda. Dillali ya san wanda ya kawo masa dabba, aikinsa ke nan.

Abin da zai fisshe shi shi ne takardar ƙarar da ya shigar a birgad tun ranar satar, mai ɗauke da shaidar dabbar. Wadda aka rubuta bayan an ga saniyar ba ta da nauyi. Ya haɗa da takardar allurar rigakafi, da tsohon hoton dabbar cikin garkensa in akwai, da mutum biyu da suka san ta, ardo ko maigari a cikinsu. Jihar Maradi da ta Katsina sun yi yarjejeniyar kiwon ƙetare a 2017, kuma shugabannin makiyayan ɓangarorin biyu sun san juna ta dalilinta, ya nemi su raka shi. Bayani ya isa kasuwanni kafin ranar cinsu, Jibiya ran Lahadi, Maradi Litinin da Juma'a, don dabbar da aka ɗora a babbar mota zuwa kudu ta tafi ke nan.

In an riƙe dabbar a matsayin shaida, ya nemi a ba shi ita bisa takardar alkawarin kawo ta duk ranar da kotu ta nema. In ya bari ta yi wata biyu a ɗaure bayan caji ofis, kuɗin harawa da ruwa a kansa za a ɗora, ga rama. Ranar dawowa da ita ya biyo ta bakin iyaka da takardar sakin, ya nuna wa duwan da likitan dabbobi, kada ya biyo ta daji a kama shi da tasa.

Mai Nazarin Doka:

Yallaɓai Birgadiye, a wuri ɗaya zan ɗan ja da kai. Kafin a kai ga PV ɗin miƙawa sai an tambayi ɗan wace ƙasa ne. In ɗan Nijar ne aka kama a Jibiya, mayar da shi gida bai da wuya. In ɗan Najeriya ne, DPO ba shi da ikon ɗaukar ɗan ƙasarsa ya miƙa wa wata ƙasa a bakin shinge, sai an bi ta babban lauyan tarayya da kotu. A yankin nan kuwa mutum na iya zama da gona a Gabi, mata a Jibiya, ba shi da katin ko ɗaya. In ya tabbata ɗan can ne, hanyar da ta fi sauri ita ce a bar shi a can a tura musu shari'ar: mai shigar da ƙara na Maradi ya aika da PV da shaidu, a tuhume shi a kotun Katsina da riƙe kayan sata da makami, tunda waɗannan a ƙasarsu aka same shi da su. Mai dabbobin ya shirya zuwa ba da shaida da kansa, Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maradi ba.

Haka batun layin salula. Masu garkuwa kan kira da layin Najeriya. Umarnin mai shigar da ƙara na Maradi yana aiki a kan kamfanonin da ke da lasisin Nijar ne kaɗai, na can sai hukumar can ta nema. Iyalan wanda aka ɗauke su rubuta kowace lamba da ta kira tare da lambar ƙasarta, 227 ko 234, da rana da awa da tsawon kiran, kada su goge komai daga wayar, su kai wa OPJ tun kiran farko.